Rumbun Manhajar Kwamfuta: Yadda Mai Jari Zai Duba Lissafin Aikin Da Ya Biya

Kafanchan — 'Yan kasuwa da ƙungiyoyin gama kai na kudancin Jihar Kaduna waɗanda ke biyan kuɗi domin a rubuta musu manhajar kwamfuta suna da hanyar sanin ko aikin yana tafiya ko ya tsaya, ko da kuwa su kansu ba su iya rubuta manhaja ba. Hanyar ita ce duba alƙaluman da ake fitarwa daga rumbun da masu aikin ke adana rubutunsu, ta amfani da wasu gajerun umarni da ake buga wa na'ura. Kayan aikin kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Sai dai alƙaluman suna da iyakarsu, kuma mai jarin da bai san wannan iyaka ba yana iya yin asara ta inda yake neman riba.

Dalilin tasowar maganar

Garin Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ya bunƙasa ne a kan ciniki tun daga shekarar 1927, lokacin da ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa da suka taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da kuma Jos. Yankin da ke kewaye da shi, musamman Kachia da Jaba da Kagarko, shi ne kan gaba wajen noman citta a Nijeriya, kuma ciniki ne da ya ƙunshi bashi da kafin alƙalami da awo da ajiya, waɗanda duk suke bukatar lissafi mai tsabta.

Har ila yau garin ya daɗe da sanin kwamfuta. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 take kuma da mazauni a unguwar Bayan Loko, ta haɗa ba mata rancen jari da koyar da aikin kwamfuta, har cibiyarta ta karɓi lambar yabo ta Hafkin a 2001, shekarar da aka fara ba da lambar a Afirka. Daga bisani gidauniyar ta kafa Zittnet, mai rarraba intanet ta iska a karkara. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan, ga kuma Kwalejin Ilimi da ke Gidan Waya.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023 ya tilasta wa ƙananan 'yan kasuwa da dama rungumar tura kuɗi ta waya da na'urorin cire kuɗi. A ƙarshen wannan shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Sakamakon haka shi ne masu neman a rubuta musu manhajar lissafin shago ko ta kuɗin makaranta ko ta adashi sun samu matasan da za su ba aikin a kusa da su. Abin da ya rage shi ne yadda za a auna aikin.

Cinikin biri a sama

Wanda ya ba magini kwangilar ɗaki yana iya zuwa fili ya ƙirga sahun bulo. Mai sayen citta yana kwance bakin buhu ya duba bushewarta kafin a ɗora a sikeli. Amma wanda ya ba da kwangilar manhaja ba ya ganin komai sai abin da aka nuna masa a allo, kuma kyakkyawan allo yana iya ɓoye aikin da bai kai rabi ba. Da yawa daga cikin irin wannan kwangila cinikin biri a sama ne.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan yanayi rashin daidaiton sani tsakanin mai saye da mai sayarwa. George Akerlof, masani ɗan Amurka da ya samu lambar Nobel a 2001, ya yi bayaninsa a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya bambanta mota mai lafiya da mai ciwo, zai ƙi biyan kuɗi mai kyau, sai masu motoci masu lafiya su janye daga kasuwar, a bar marasa lafiya kaɗai. Haka abin yake a kasuwar manhaja. Matashi mai gaskiya da ƙwazo yana cutuwa da rashin yardar da wani ya jawo, shi kuma mai jari yana tsoron sakin kuɗi. Duk abin da zai rage wannan duhu riba ce ga ɓangarorin biyu.

Mene ne rumbun manhaja?

Manhaja rubutu ce da ke cikin fayiloli masu yawa, kuma ana yi mata gyara kullum. Domin kada gyaran wani ya shafe na wani, masu wannan sana'a suna amfani da tsarin adana sauye-sauye. Wurin da tsarin ke tara fayilolin tare da tarihinsu shi ake kira rumbu. Duk lokacin da ma'aikaci ya kammala wani yanki na aiki, sai ya rufe shi ya shigar a rumbun. Kowace shigarwa tana ɗauke da sunan wanda ya yi ta, da adireshinsa na imel, da rana da sa'a, da ɗan taƙaitaccen bayanin abin da ya yi, da kuma ainihin layukan da ya ƙara ko ya cire.

Ɗan kasuwa zai gane wannan tsari nan take, domin daidai yake da littafin shiga da fita na shago, inda ake rubuta kowace mu'amala da ranarta da sa hannun wanda ya yi ta. Bambancin shi ne kowace shigarwa tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinta da kuma lambar shigarwar da ta gabace ta. Saboda haka idan wani ya taɓa tsohuwar shigarwa, lambobin duk waɗanda suka biyo bayanta sai sun sauya, kuma mai riƙe da tsohon kwafi zai gane an taɓa.

Tsarin ya daɗe. A 1972 Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka, sa'an nan RCS ya biyo baya a 1982, sai CVS, sai kuma Subversion a 2000. A watan Afrilu na 2005 Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya assasa manhajar Linux, ya rubuta Git bayan an janye izinin amfani kyauta da wani tsari mai suna BitKeeper da suke aiki da shi. A yau Git ne ya mamaye wannan fage. Kamfanin GitHub, wanda aka buɗe a 2008 domin ajiye irin waɗannan rumbuna a intanet, Microsoft ya saye shi a 2018 a kan Dala miliyan 7,500. Rahoton kamfanin na 2024 ya nuna cewa masu rajista daga Nijeriya sun haura miliyan ɗaya.

Wani abu da ya dace da yankunan da wutar lantarki da intanet ba su da tabbas shi ne, duk wanda ya kwafi rumbun Git ya kwafe shi ne da tarihinsa baki ɗaya. Bayan an sauke shi a kwamfuta sau ɗaya, ana iya bincikensa ba tare da wata hanyar sadarwa ba. 'Yan kasuwar da suka ga yadda aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna na kusan wata biyu a ƙarshen 2021 saboda matsalar tsaro sun san darajar abin da ke aiki ba tare da layi ba.

Yadda ake fitar da alƙaluman

Layin umarni wani fili ne a kwamfuta, sau da yawa baƙi, inda ake rubuta wa na'ura abin da ake so da haruffa maimakon danna hotuna. Yana ba baƙo tsoro a ganin farko, amma umarnin da mai jari ke bukata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Akawun shago ko ɗalibin da ya yi ɗan horo zai iya koyonsu a zama ɗaya.

Na farko shi ne "git clone", wanda ake rubutawa tare da adireshin rumbun domin a sauko da kwafinsa. Daga baya ana amfani da "git pull" a jawo sababbin shigarwa. Na biyu shi ne "git log", wanda ke jero shigarwa daga ta baya-bayan nan zuwa ta farko, kowace da suna da rana da bayani. Idan aka ƙara masa "--since" da "--until" tare da ranaku, sai ya tsaya a kan lokacin da ake bukata kawai, alal misali watan da aka biya kuɗinsa. Idan kuma aka ƙara "--stat", zai nuna fayilolin da aka taɓa a kowace shigarwa da yawan layukan da aka ƙara da waɗanda aka cire.

Na uku, wanda ya fi saurin ba da hoto, shi ne "git shortlog -s -n". Wannan yana fitar da sunayen duk waɗanda suka yi aiki a rumbun, kowane da adadin shigarwarsa, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Na huɗu shi ne "git blame", wanda ke ɗaukar fayil guda ya nuna a gefen kowane layi sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe da ranar da ya yi hakan.

Ban da waɗannan da suke zuwa tare da Git, akwai wasu kayan aiki na kyauta da aka gina a kansa. GitStats yana karɓar adireshi biyu, wato inda rumbun yake da inda ake son rahoto, sai ya fitar da shafuka masu jadawali da zane-zane da ke nuna aiki bisa sa'o'in yini da ranakun mako da watanni, da rabon kowane ma'aikaci, da yadda yawan layuka ya ƙaru tun farkon aikin. Wani mai suna git-quick-stats yana kawo jerin tambayoyi ne a zaɓi lamba, abin da ya sa ya fi sauƙi ga sabon shiga. Shi kuwa cloc ƙirga layuka yake yi, yana ware ainihin umarni daga bayanan gefe da layukan da ba komai a cikinsu.

Misali daga kasuwar citta

A ɗauka cewa wata ƙungiyar manoman citta ta ba wani ƙaramin kamfani na matasa uku kwangilar rubuta manhajar da za ta riƙa lissafin buhunan da kowane mamba ya kawo sito, da bashin taki da iri da ke kansa, da abin da za a biya shi bayan an sayar. An yi yarjejeniyar wata shida, kuɗin kuma kashi uku. A ƙarshen wata na huɗu kamfanin ya nemi kashi na biyu, yana mai cewa aiki ya yi nisa.

Sakataren ƙungiyar ya sa an sauko da rumbun, aka buga umarnin da ke jero sunaye. A ce sakamakon ya nuna mutum na farko yana da shigarwa 210, na biyu 14, na uku 3. Aka duba ranaku, sai aka ga an yi aiki kusan kullum a watanni biyu na farko, daga nan kuma shiru na mako shida, sa'an nan aka zuba shigarwa masu yawa a kwana biyu kafin a nemi kuɗi. Da aka duba sunayen fayiloli, sai aka tarar ɓangaren rajistar mambobi ya sha gyara, amma ba a ga fayil ko ɗaya da ya shafi lissafin bashi ba.

Wannan bai tabbatar da ha'inci ba. Mai yiwuwa ne kwamfutar ma'aikacin ta lalace, ko kuwa ya yi ta aiki bai shigar ba sai a ƙarshe. Amma sakataren ya samu tambayoyi uku da ba shi da su a da: me ya faru a makonni shidan nan, ina ɓangaren bashi yake, kuma wa zai ci gaba da aikin idan mutum na farko ya tafi. Kwamitin ƙungiyar zai zauna da kamfanin yana riƙe da takarda, ba da zato ba.

Abin da alƙaluman ke iya nunawa

Abu mafi muhimmanci ga mai jari shi ne sanin ko aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Masu sana'ar suna auna wannan da tambayar mutum nawa ne za su bar aiki kafin ya durƙushe. Wasu masu bincike a ƙasar Brazil sun duba shahararrun rumbuna 133 na GitHub a 2016, suka gano cewa kusan kashi biyu cikin uku sun dogara ne a kan mutum ɗaya ko biyu. Idan haka lamarin yake ga manyan ayyuka na duniya, to ƙaramin kamfani a Kafanchan ko Zonkwa ya fi shiga haɗari, domin matashin da ya ƙware yana iya samun aiki a Abuja ko Legas, ko wani kamfanin waje ya ɗauke shi yana biyansa da Dala yana zaune a gida.

Na biyu shi ne yanayin tafiyar aiki. Shigarwa ƙanana da ke zuwa a kai a kai, kowace da bayanin da ake iya fahimta, alama ce ta aiki mai tsari. Dogon shiru da ke biye da tulin shigarwa ana gobe biyan kuɗi abin tambaya ne.

Na uku shi ne inda matsala ke taruwa. Fayil ɗin da ake ta komawa kansa ana gyara mako bayan mako yakan zama shi ne wurin da tsarin ke da rauni. Wani bincike da Nachiappan Nagappan da Thomas Ball suka wallafa a 2005 a kan manhajar Windows Server 2003 ya nuna cewa yawan sauye-sauyen da ake yi wa wani sashe, idan aka auna shi da girman sashen, yana iya hasashen yawan kurakuran da za a samu a cikinsa. Idan fayil ɗin da ya fi shan gyara shi ne mai lissafin kuɗi, ya kamata mai jari ya nemi a gwada shi sosai kafin a ɗora masa dukiyar jama'a.

Na huɗu shi ne sanin hannun da ya shiga aikin. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhaja da kwamfutoci masu yawa a duniya ke dogara da ita. Tarihin rumbun ne ya taimaka wa masu bincike suka bi sawun wani da ke amfani da sunan Jia Tan, wanda ya shafe kimanin shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince da shi. Ga ƙaramin kamfani darasin shi ne, baƙon suna a jerin ma'aikata yana iya nufin an miƙa kwangilar ga wani a asirce, kuma wannan wani yana iya ganin bayanan abokan ciniki.

Inda alƙaluman ke yaudara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar yawan layuka ko yawan shigarwa a matsayin ma'aunin ƙwazo. A farkon 1982 manajojin da ke kula da aikin kwamfutar Lisa a kamfanin Apple suka bukaci kowane injiniya ya riƙa cike takarda duk mako yana faɗin yawan layukan da ya rubuta. Bill Atkinson, ɗaya daga cikin ƙwararrunsu, ya sake rubuta wani sashe ya sa shi ya ninka saurinsa kusan sau shida, tare da rage masa layuka kimanin 2,000. Da aka kawo takardar sai ya rubuta cewa ya yi aikin layuka 2,000 a ƙasa da sifiri. Ba a daɗe ba aka daina neman ya cike ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Masanin tattalin arziki ɗan Ingila Charles Goodhart ya lura a 1975 cewa duk wani ma'auni da hukuma ta ɗauka ta mai da shi abin da ake son cimmawa, to ya daina zama ma'auni abin dogaro. Yana magana ne a kan manufofin kuɗi na babban banki, amma ka'idar ta shafi kowace sana'a. Idan aka ce za a biya bisa yawan shigarwa, ma'aikaci zai raba aikin sa'a ɗaya gida goma. Idan aka ce bisa yawan layuka ne, zai tsawaita abin da ya kamata ya gajarta, kuma doguwar manhaja ta fi tsadar kulawa a nan gaba.

Akwai kuma wasu dalilai na fasaha da ke karkatar da lissafin. Ana yawan kwafo rubutun da wasu suka riga suka yi a saka a cikin aiki, abin da ke iya ƙara dubban layuka a shigarwa ɗaya ba tare da an sha wata wahala ba. Tun bayan fitowar Copilot a 2021 da ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura tana iya rubuta layuka ɗaruruwa a cikin minti guda, saboda haka ƙirgar layuka ta ƙara rasa daraja. Wasu kamfanoni suna dunƙule shigarwa da yawa su zama ɗaya kafin su adana, sai mai ƙwazo ya fito da ɗan ƙaramin adadi. Mutum ɗaya kuma yana iya fitowa da sunaye biyu ko uku idan ya yi aiki a kwamfutoci daban-daban, sai dai ana gyara wannan da wani fayil mai suna ".mailmap" da ke haɗe sunayen.

Bugu da ƙari, ranar da ke jikin shigarwa daga agogon kwamfutar ma'aikaci ake ɗaukarta, kuma yana iya sa ranar da ya ga dama. Haka sunan ma, shi ne ke rubuta shi. Maganin wannan shi ne mai jari ya riƙa jawo nasa kwafin a kai a kai, misali kowace Juma'a, domin abin da ya riga ya shiga hannunsa ba a iya sauya shi daga nesa ba tare da ya gani ba. Sa'an nan akwai aikin da ba ya barin sawu a rumbu ko kaɗan, kamar zama da 'yan kasuwa domin fahimtar yadda suke lissafi, da gwaji, da koyar da akawu, da duba aikin abokin aiki. Wanda ke da shigarwa uku kacal yana iya zama shi ne ya shafe makonni a sito yana koyon yadda ake awo.

Mallakar rumbu da sharuɗɗan kwangila

Duk wannan bayani ba shi da amfani ga wanda ba shi da hanyar shiga rumbun. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya manhajar kwamfuta a cikin ayyukan rubutu da take karewa, kuma bisa ka'ida haƙƙin yana farawa ne a hannun wanda ya rubuta, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi akasin haka. Ma'ana, ɗan kasuwa yana iya biyan kuɗin aiki gaba ɗaya amma asalin rubutun ya ci gaba da zama na wanda ya rubuta, idan ba a rubuta miƙa haƙƙin a takarda ba.

Saboda haka ya dace kwangila ta fayyace wasu abubuwa tun kafin a saki kuɗin farko. A buɗe rumbun da sunan kamfani ko ƙungiyar da ke biya, ita ce kuma za ta gayyaci masu aikin, ba su ne za su gayyace ta ba. A rubuta cewa haƙƙin mallaka zai koma hannun mai biya, da lokacin da zai koma. A amince cewa za a riƙa shigar da aiki aƙalla sau ɗaya a mako, kowane ma'aikaci da sunansa na gaskiya. A ɗaura biyan kowane kashi a kan wani sashe da aka gwada aka ga yana aiki, kamar a shigar da buhuna goma na gwaji a ga ko lissafin ya fito daidai. Alƙaluman rumbu su zama shaidar da ke rakiyar wannan gwaji, kada su maye gurbinsa. Shawarar lauya a nan ta fi arha a kan shari'a.

Akwai kuma batun sirri. Rahoton da ake fitarwa yana ɗauke da sunaye da adireshin imel da sa'o'in aikin mutane, waɗanda bayanai ne na ƙashin kai da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafa. Bai dace a riƙa yaɗa shi a dandalin WhatsApp na ƙungiya ba. Haka kuma bai kamata a ajiye lambobin sirri na banki ko jerin sunayen abokan ciniki a cikin rumbu ba, domin abin da aka shigar sau ɗaya yana zama a tarihin ko da an goge shi daga baya.

Riba ga masu aikin

Matasan da ke wannan sana'a su ma suna da abin samu. Wanda ke aiki daga Kafanchan ko Kwoi ba shi da babban ofis da zai nuna wa mai kwangila, amma rumbu mai tsari na shekara ɗaya ko biyu shaida ce da ake iya dubawa daga ko'ina. Idan rigima ta taso a kan cewa bai yi aiki ba, tarihin yana iya wanke shi. Idan mai jari ya yi ta sauya ra'ayi yana ƙara bukatu ba tare da ƙarin kuɗi ba, shigarwar da aka yi saboda kowane sauyi tana nan a rubuce. Masu saka jari da bankuna da ke son sayen hannun jari a kamfanonin fasaha su ma sukan nemi ganin rumbu kafin su yanke shawara.

Dangane da kuɗin da za a kashe kuwa, Git da kayan ƙirgar da aka ambata ba a biyan ko kwabo a kansu, kuma tsohuwar kwamfutar ofis ta isa. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya amintacce a ɓangaren mai biya, wanda ba ya cikin masu kwangilar, da zai riƙa jawo kwafi duk mako ya fitar da rahoton shafi guda. Manoman citta na kudancin Kaduna, waɗanda cutar da ta afka wa gonakinsu a daminar 2023 ta cinye musu jari mai yawa, ba su da rarar kuɗin da za su zuba a aikin da ba a gani. Ga ƙungiyoyinsu, da makarantu masu zaman kansu, da ƙananan bankunan al'umma na yankin, wannan shafi guda yana iya zama abin da kwamitin kuɗi zai fara dubawa kafin a sa hannu a kan kashi na gaba.